Shafin da Baba Ya Tsallake

Daga Allah muke, gare Shi kuma Baba ya riga mu komawa. Ranar Talata da hantsi ne. Ya sha kununsa, ya ce a fitar masa da tabarma inuwar dalbejiya, kafin a gama shimfiɗa ta rai ya yi halinsa. Mahaifin maigidana ne. Ba za ku ga sunansa a takardar nan ba, ku yi mini uzuri. Tun da aka kawo ni gidan nan daga Yauri bakina bai taɓa kama sunan ba, hannuna ma na gwada shi ya ƙi.

Rasuwar ta zo a tsakiyar rani, lokacin da mazan Matamaye suke Najeriya wajen nema. Maigida yana Kano, ƙanensa yana can kudu, sai ta waya suka ji. Waɗanda suka sallace shi tsofaffi ne da malaman lakwal, wato makarantar boko, da 'yan kasuwa. Cikin gida kuwa mata ne har bakin rijiya, ba inda za ka sa ƙafa. Wata tsohuwa daga Dawce ta shigo ko sallama ba ta yi ba, ta zauna dirshan a ƙasa tana cewa, "Shi ke nan, an ɗauke mai tambaya." Wani dattijo daga Icirnawa ya yi wa Inna, uwar mijina, gaisuwa daga bakin ƙofa, ya ce, "Hajiya, ba ke kaɗai aka yi wa rashi ba." Daga nan ya juya.

Rana ta biyu na kai ruwa bakin zaure, sai na ji ana musu ƙasa-ƙasa. Wani ma'aikacin meri ne, ofishin magajin gari, ba ɗan garin nan ba, ya ce, "Wai don Allah, marigayi ya taɓa zama depite, ɗan majalisa, da gaske, ko laƙabi ne kawai?"

Tsohon telan bakin kasuwa ya ce, "Laƙabi? Ni na ɗinka rigar da ya tafi Yamai da ita. Kwana tara ina kan aikin wuyanta."

"Riga dai ta je," in ji wani. "Amma an ce a ƙofa ya tsaya."

"Ya shiga mana! Ni na ji a radiyo."

"Ka ji sunansa ko ka ji muryarsa?"

Liman ya ce, "Jama'a, addu'a ta kawo mu." Kafin a ɗaga hannu na ji wani ya ce, "A tambayi matar ɗansa, ai komai yana cikin kayenta."

Na ajiye tulun na koma ciki. Kayen, wato littafin rubutuna, yana nan, gaskiya ne, cikin adakata. Duk wanda ya taɓa wakiltar yankin nan a majalisar dokoki ta ƙasa yana ciki, kamar yadda Baba ya faɗa mini na rubuta. Mutum ɗaya ne babu, shi ne wanda suke tambaya. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Ina so a san wane ne shi, kuma ina so a san yadda aka yi shafinsa ya zauna fari.

Baba dogo ne, ba mai yawan dariya ba, amma ba ya faɗa. Radiyonsa yana rataye a wuyansa da igiyar fata ko gona zai je. In ana ba da labarin majalisa, ko akuya ta shiga rumbu ba ya motsawa. Yana gamawa zai kashe, ya ce, "An yi magana, ba a yi tamu ba."

Kowace shekara da an gama kaka maza sun kama hanya, sai ya ɗauki wani aiki da ba wanda ya ba shi. Bayan sallar asuba zai bi gidajen da ba maza, ɗaya bayan ɗaya. Ba ya shiga. Daga waje zai buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Masu gida, an kwana? Akwai ruwa? Akwai hatsi? Akwai mai zazzaɓi?" In an ce lafiya, ya wuce. In muryar da ta amsa ba ta yi masa ba, sai ya turo Inna ta leƙa. Takardun haihuwar rabin yaran unguwar nan shi ya bi su meri. Matar da naƙuda ta zo mata da gardama mijinta yana Legas, shi ke neman amalanke a kai ta likita, ya zauna waje har ya ji kukan jariri.

Ni ma na ci alherinsa. Da aka buɗe karatun yaƙi da jahilci na mata a unguwarmu, ina da 'ya'ya uku. Maigida ya aiko daga Kano cewa bai yarda ba, wai me zan yi da boko da goyo a baya. Na ci gaba da dakana. Washegari na ji Baba daga zaure yana ce wa Inna, "Ki gaya wa matar yaron nan ta ɗauki mayafinta ta tafi. In ya dawo, ni ne ubansa, ba ita ba." Da damina ta kawo maigida gida, ban san abin da suka tattauna ba. Na dai ga ya sayo mini alƙalamin bik biyu, shuɗi da ja.

Da na iya haɗa baƙi sosai sai Baba ya aika aka sayo kaye mai kauri. Ya ce wa Inna kansa ya fara zuba, kuma akwai abin da in ya tafi da shi ba wanda zai sake sani. Yaran lakwal sun san sarakunan Damagaram, amma ka tambaye su wa aka tura Yamai da sunan iyayensu, sai su kalle ka. 'Ya'yansa maza ba sa zama. Mai rubutu a gidan ni kaɗai ce, ni kuwa suruka ce, ba zan zauna gabansa ba, shi ma ba zai dube ni ya yi mini magana ba.

Ga yadda muka yi. Bayan la'asar zai zauna bayan zanan da ya raba zaure da tsakar gida. Ni ina wannan gefen, kaye a cinya. Inna a tsakiya, inda zanan ya ƙare, tana ɓarar gyaɗa, tana ganinmu duka biyu. Ina jin kowace kalma tasa sarai, amma sai ya ce, "Ki ce mata ta rubuta." Inna ta juyo ta maimaita, ta ƙara nata.

"Ki ce mata, na farko da na sani malamin lakwal ne. Zamanin jam'iyya ɗaya. Takarda guda ake miƙa maka, ita za ka jefa."

"Ya ce malamin lakwal ne. Mai ƙaton ciki, ba ya gaida mutane."

"Hajiya, ban ce a rubuta ciki ba."

"To ai da shi ya tafi Yamai, ba a gida ya bar shi ba."

Ina danne dariya da bakin mayafi ina rubutawa. Kowane mutum tambaya uku Baba yake yi masa: wa ya tura shi, me ya faɗa a can, me ya dawo da shi. Sunayen suna cikin kaye, ba zan jera su nan ba, iyalansu suna raye. Akwai wanda ya dawo da rijiya biyu da gyaran hanyar garka. Akwai wanda faransancinsa har mutanen Yamai suna yaba shi, amma da aka tambaye shi farashin buhun taki bai sani ba. Akwai wanda tun ranar da aka zaɓe shi ba a sake ganinsa ba sai a gilashin mota. Baba bai zagi ko ɗaya ba. In mutum bai yi komai ba, sai ya ce, "A rubuta, ya je ya dawo lafiya."

Duk inda sojoji suka karɓi mulki aka rufe majalisa, sai ya sa in ja layi in rubuta, "Ba kowa." Ya ce shekarun da ba a tura kowa ba su ma tarihi ne, kada a haɗe su kamar ba a yi su ba.

Ya bayyana mini yadda abin ya koma da jam'iyyu suka yi yawa. Kowace jam'iyya takan jera sunayen mutanenta na jihar Damagaram duka a lis ɗaya, na sama su shiga, na ƙasa su koma gida. "Mu kuwa kullum a gindin lis ake sa mu," in ji shi, "kamar ƙanzo." Ya ce zaɓe yakan faɗo da rani, maza ba sa nan, sai dai a tura manyan motoci Kano da Katsina a kwaso wanda ya samu tahowa. Ranar da ya zo kan lokacin da aka fara sa mata a lis, Inna ta ajiye gyaɗarta ta ce, "Da ni aka sa, da tuni an gama."

"Da an gama majalisar, ba shakka," ya ce.

Labarin nasa kuwa, abin da na sani shi ne abin da kowa ya sani, don an yi shi ina yarinya a gidanmu. Kowane depite ana zaɓensa da mai jiran kujerarsa, supuleyan suke ce masa. In an ba depite minista ko ya rasu, mai jiran ya hau. Baba ya zama mai jiran wani babban mutum daga wajen Kance. Aka ba mutumin minista, aka kira Baba Yamai. Bai fi wata guda ba sojoji suka zo, ya dawo gida a motar kasuwa, rigar tana cikin jaka. Daga nan ba a sake sa shi a lis ba, shi ma bai nema ba.

Ranar da muka iso wurin a rubutunmu ba zan manta da ita ba. Ya ce, "Ki ce mata, aka ba shi minista, ya bar kujera." Inna ta maimaita, ba ta ƙara komai ba. Na rubuta, na ɗaga bik ina jira. Na ji ya gyara zama. Ya yi gyaran murya. Kaji suna ta tsince ɓawon gyaɗa a tsakaninmu. Tambayar tana bakina: Baba, sai wa ya hau? Amma yaya suruka za ta buɗe baki ta tambayi uban mijinta labarin kansa, labarin ma da na san ana yi masa ba'a da shi? Na sunkuyar da kai. Can sai ya ce, "A ja layi. Ba kowa."

Ban ja layin nan take ba. Na tsallake shafi guda, na ja shi a na gaba. Na ce a raina wata rana zai dawo kansa.

Ya dawo kuwa, har sau biyu. Bayan mun gama kayen da 'yan watanni ya ce wa Inna, "Ta karanto mini wurin ministan nan." Na karanta. Na ji ya yi gyaran murya, sannan ya ce, "To, madalla." Bara da ciwon ƙafa ya kwantar da shi ya sake sa na karanta wurin daga bakin ƙofar ɗakinsa. Ni a tunanina yana duba ko na yi kuskure ne.

Ba'ar da na ambata daga cikin gida ta fito, shi ya sa ta yi zafi. Baffa, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, yana wata jam'iyyar daban. A da kwano ɗaya suke ci a zauren nan. An ce bayan dawowar Baba daga Yamai, ana zaune cikin mutane, Baffa ya ce, "Yaya, ka je ka ɗumama musu kujera ka dawo. Ko tari ka yi a ciki, mu ji a radiyo?" Aka yi dariya. Baba ya wanke hannu ya tashi. Daga ranar sunan Depite ya bi shi, wasu da girmamawa, wasu da wata manufa. Ba su yi gaba ba, suna gaisawa, suna zuwa sunan jikokin juna. Amma ni tun da na zo gidan nan kwano biyu nake kaiwa zaure in Baffa ya zo.

Ranar addu'ar bakwai, da mutane suka ragu, na yi abin da ban taɓa yi ba. Baffa ya shigo yi wa Inna sallama, na durƙusa nesa da shi na ce, "Baffa, a gafarce ni, ina da tambaya."

Ya dube ni da mamaki. "Faɗi, 'yata."

"Baba ya yi magana a majalisa?"

Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. "Ni kike tambaya? Ni da ya kamata in tare shi a tasha in ce Yaya, yaya aka yi? Sai na tsaya na ba mutane dariya." Ya goge ido da hannun riga. "Shekara nawa ina zuwa zauren nan. Kullum in ce yau zan tambaye shi, sai in ga kwanona daban, in fasa. Ba ya cikin kayen naki?"

Na ce babu.

"To, mun yi hasara," ya ce. Ya tashi ya fita, ko takalminsa bai sa daidai ba.

Inna tana jinmu daga ɗakin takaba. Da azahar na kai mata fura, ta ce in zauna. Ta rame, muryarta ta dushe, amma bakin yana nan.

"Ke dai akwai ki da kunya kamar amaryar jiya," ta ce. "Sau uku mutumin nan yana kai ki bakin wurin ya tsaya. Ce miki aka yi bai iya ji ba ne, da zai sa ki yi ta maimaita masa?"

Na ce, "Inna, jira nake ya faɗa."

"Shi kuma yana jira ki tambaya. Dattijo ba ya kama ba da labarin kansa gaban suruka haka kawai, sai a ce yabon kai yake. Da kin ce 'sai wa ya hau', ko ni kika ce wa, da na miƙa masa."

"Ke fa, Inna, me ya hana ki?"

Ta ce, "Ni na ga fuskarsa ranar da ya dawo. Na yi wa kaina alkawari ba zan taɓa tayar masa da maganar ba. Na ɗauka taimakonsa nake yi."

Daga nan ta gaya mini abin da ta sani. Ya shiga zauren majalisa, ya zauna a kujerar, an kira sunansa ya amsa. Ya ba da sunansa cikin masu son yin magana, aka ce ya jira, sababbi a ƙarshe suke. Kullum ya je da maganarsa a shirye, kullum a tashi ba a zo kansa ba. Aka sa masa rana a mako mai zuwa. Kafin ranar aka rufe ƙofar. Bai yi magana ba. Baffa bai yi ƙarya ba, abin da ya sa ta yi ciwo ke nan.

Na ce, "Me ya so ya faɗa?"

"Bai taɓa gaya mini ba. Amma kafin ya tafi, a gona yake gwadawa. Ranar nan na kai masa abinci, na tarar da shi tsaye cikin karan dawa, ya harɗe hannu a baya, yana yi wa kara jawabi da ƙarfi. Na laɓe bayan gawo ina dariya."

"Kin riƙe?"

"Farkon kawai."

Na tashi na ɗauko kayen, na buɗe farin shafin. Na cire murfin bik. Inna ta rufe ido, ta gyara murya irin tasa, ta ce:

"Shugaba, 'yan'uwa wakilai, na zo daga garin da wata shida a shekara mata ne ke riƙe da shi. Su suka yi layi a rana suka turo mu nan, ni da ku. Ina so in gaya muku yadda suke kwana."

Na rubuta. Na jira.

"Sai me, Inna?"

"Sai ya hango bakin zanena. Ya ce, 'Hajiya, ajiye tuwon ki tafi.' Ni kuwa na ajiye na tafi."

Abin da ke shafin Baba ke nan, layi uku. Ƙasansu fari ne har gindin takarda, kuma ba zan cika shi da abin da nake zato ba, don shi bai taɓa sa ni rubuta zato a kan kowa ba. Ga amsar masu musu a zaure: ya je, ya shiga, ya zauna, ba a ba shi dama ba. Ya dawo ya yi sauran shekarunsa yana bin ƙofofinmu da sanda yana tambayar yadda muka kwana, mu kuwa mu uku da muke kusa da shi ba wanda ya tambaye shi.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa alherin da ya yi wa matan garin nan ya tarye shi. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya sanyaya zuciyar Baffa. Ni kuma Ya yafe mini shirun da na yi. Ya Allah, Kai ka ji sauran jawabin a gonar nan, Ka karɓa masa.